Wa zai tsare wanda ya tona asirin rajista?

A ɗakin shan magani na ƙauye, ko a Gwaram ko a kewayen Birnin Kudu, akwai wani faffaɗan littafi da ake kira rajista. A ciki ake rubuta sunan mara lafiya da cutarsa da maganin da aka ba shi. Idan za a ci kuɗin lafiya, a nan ake ci, da biro. A rubuta mutum arba'in alhali goma sha biyu suka zo. A rubuta an ba mai juna biyu magani kyauta, ita kuwa 'yar takarda aka miƙa mata aka ce, "Baiwar Allah, ya ƙare, sai ki duba kemis." Ba kowa ke yi ba; da yawan ma'aikatan nan suna kwana kan marasa lafiya da fitilar waya. Amma ƙofar a buɗe take.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kula da lafiya a matakin farko, kuma a 2022 aka mayar da inshorar lafiya tilas. A tsarin inshora ana biyan asibiti wani kaso a kan kowane suna da aka yi wa rajista, ko mai sunan ya zo ko bai zo ba. Ke nan sunan mamaci ma kuɗi ne. Mai bincike daga Dutse ko Abuja zai tarar da takardu tsaf. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mai ɗakin kuwa shi ne akawun da ke riƙe da kati da mai tsaron sito.

Amurkawa sun daɗe da gane haka. A 1863, lokacin yaƙin basasarsu, 'yan kwangila na sayar wa soja gurbatattun kaya, sai Shugaba Lincoln ya sa hannu a dokar hukunta masu karɓar kuɗin gwamnati da ƙarya, aka ƙarfafa ta a 1986. Abin da ya bambanta ta shi ne ma'aikaci da kansa yana iya shigar da ƙara a madadin gwamnati. In an yi nasara, mai laifi zai biya ninki uku na ɓarnar, mai ƙara ya samu kashi 15 zuwa 30 cikin 100. In an kore shi saboda ya yi magana, kotu na iya mayar da shi bakin aiki, a biya shi ninki biyu na albashin da ya rasa. Wani mai tallar maganin kamfanin Pfizer, John Kopchinski, ya bi ta wannan hanya. A 2009 kamfanin Pfizer ya amince ya biya dala biliyan 2.3 kan tallata magunguna ba bisa ƙa'ida ba, shi kuma ya tashi da sama da dala miliyan 51, bayan shekara shida na shari'a.

Sunan kamfanin ba baƙo ba ne a nan. A shekarar 2009 ɗin ce ya sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75, saboda gwajin maganin Trovan lokacin annobar sanƙarau ta 1996, inda yara 11 cikin kimanin 200 suka rasu. Can ma akwai na ciki da ya yi magana, wani likitan kamfanin mai suna Juan Walterspiel, wanda daga baya aka sallame shi.

Namu tsarin na kwarmata bayanai ya zo ne a Disamban 2016 daga Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya, da ladan kashi 2.5 zuwa 5 cikin 100 na abin da aka ƙwato. Kowa ya tuna dala miliyan 43 da EFCC ta gano a wani bene a Ikoyi a Afrilun 2017, bayan wani ya kwarmata. To amma tsarin manufa ce ta gwamnati, ba majalisa ce ta yi ta ba. Majalisar zartarwa ta amince da daftarin dokar kare masu kwarmato a Disamban 2022, har Buhari ya sauka bai zama doka ba. Dokar ICPC ta 2000 ta yi alkawarin ɓoye sunan mai kawo rahoto, sai dai a asibitin da ma'aikata shida ne kacal, wa za a ɓoye wa?

Nan ne lissafin Abuja ya saɓa da na Gwaram. Kashi biyar na katan ɗin maganin zazzaɓi ba zai sayi buhun gero ba. Wanda za ka kai ƙara kuwa sahu ɗaya kuke sallah, wataƙila ma surukin yayanka ne. Kafin la'asar dattijo ya zo zaure: "Ɗana, a rufa wa juna asiri, mai iyali ne." In ka ƙi, babu mai korar ka. Takardar canjin wurin aiki kawai za ta iso, zuwa ƙauyen da mota ba ta shiga da damina, kuma babu wata doka ta musamman da akawu zai riƙe ya ce ramuwar gayya aka yi masa.