Mai feshi a Turba da abin da yake zubawa a famfo

A Turba da sauran ƙauyukan Isa da Sabon Birni, damina ta samu sabon ma'aikaci: saurayi goye da famfon feshi mai cin lita 16. 'Yan ƙwadago sun yi tsada, ga matsalar 'yan bindiga da ta sa ba kowa ke son yini a gona mai nisa ba. Abin da fartanya za ta kwana biyu tana yi, mai feshi kan gama kafin hantsi. Ana biyansa ne bisa yawan famfon da ya fesa.

Tafiya da tuƙa hannun famfo kowa zai iya. Gwanintar tana wajen haɗi.

Masu feshi da yawa ba sa yarda da maganin ciyawa shi kaɗai. Wani ya barbaɗa Omo, wani gishiri, wani takin yuriya, har da mai tsiyaya kananzir, wai don magani "ya ƙara kaifi". Batun sabulu yana da tushe: ganyen aya-aya santsi gare shi, ruwa zamewa yake yi, sabulu kuwa yana sa ɗigon ya baje ya kama. Sai dai galibin magungunan da sinadarin kama ganye suke fitowa daga kamfani, ƙarin Omo kumfa kawai yake tayarwa. Kananzir ya fi muni. Glyphosate, wanda Monsanto ya fitar a 1974 da sunan Roundup, sai ya bi ta ganye mai rai ya gangara saiwa kafin ya yi kisa. In aka babbake ganyen da wuri an toshe masa hanya; manomi ya ga gona ta yi ja ya yi murna, ƙiri-ƙiri kuma ya sake tsirowa.

Abin da aka fi rainawa shi ne ruwa. Glyphosate yana manne wa laka, saboda haka wanda ya ɗebo jan ruwan kududdufi ya kashe ƙarfin maganinsa tun a famfo. Manoman Amurka takin amoniyam salfet suke fara narkawa idan ruwansu mai gauri ne, kafin su zuba magani.

Gwani yakan tambayi mai gona: "Baba, akwai wake a cikin geron nan?" Domin maganin 2,4-D yana barin gero da dawa amma ba ya barin wake. Ba ya feshi in iska ta taso, kada gonar maƙwabci ta sha.

Sai kuma jikin mai feshin. Maganin ciyawa na paraquat ba shi da makari, Tarayyar Turai ta hana shi tun 2007, NAFDAC ma ta sanar da haramta shi. Duk da haka za ka ga yaro da silifa da singileti, famfo na yoyo a gadon bayansa, in bakin famfon ya toshe ya busa da nasa bakin. Mai gona, in za ka ɗauki mai feshi, tanadar masa ruwan rijiya mai tsabta, kuma kada robar magani ta koma gida a zuba mai ko fura.