Dokar da Ta Kafa Gandun Dajin Yellowstone

Ranar 1 ga Maris 1872 Shugaban Amurka Ulysses Grant ya sa hannu a kan dokar da ta keɓe yankin Yellowstone ya zama gandun daji na ƙasa, wanda aka fi ɗauka a matsayin na farko a duniya. Faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 9,000, mafi yawansa a cikin Wyoming, da ɗan ɓangare a Montana da Idaho. Wuri ne mai tudu da tsananin sanyi, cike da maɓuɓɓugan ruwan zafi, wasu ma suna feso ruwa sama lokaci-lokaci.

A zamanin, manufar gwamnatin Amurka ita ce ta raba filayen yamma ga jama'a. Dokar 1862 ta ba duk wanda ya zauna ya noma fili eka 160 damar mallakarsa bayan shekara biyar. Cire yanki mai girma haka daga rabo baƙon abu ne, sai da dalilai da dama suka haɗu. A 1871 masanin duwatsu Ferdinand Hayden ya jagoranci ayarin bincike zuwa yankin, tare da mai ɗaukar hoto William Henry Jackson da mai zane Thomas Moran, kuma abin da suka dawo da shi ya gamsar da 'yan majalisa cewa labarin abubuwan mamakin wurin ba ƙanzon kurege ba ne. Kamfanin jirgin ƙasa na Northern Pacific ya mara wa ƙudirin keɓe yankin baya, don yana hangen cinikin masu yawon buɗe ido. Akwai kuma darasin magangarar ruwa ta Niagara, inda 'yan kasuwa suka mallake bakin ruwan suna karɓar kuɗi kafin mutum ya leƙa. Hujjar da ta fi sauƙaƙa lamarin a majalisa ba ta da alaƙa da kyan wurin: an nuna cewa ƙasar ba ta noma ba ce, saboda haka babu asarar da za a yi. Da yake Wyoming da Montana ba su zama jihohi ba tukuna, babu jihar da za a damƙa wa wurin kamar yadda aka ba Kalifoniya kwarin Yosemite a 1864, sai ya zauna hannun gwamnatin tarayya.

Dokar ta 1872 gajera ce. Ta hana zama a yankin ko sayar da shi, ta ɗora kula da shi a kan sakataren harkokin cikin gida, ta umarce shi ya kiyaye itatuwa da ma'adinai, ya hana kashe kifi da namun daji ba gaira ba dalili. Abin da ta bari a baya shi ne kuɗi da hukunci. Shugaban gandun na farko, Nathaniel Langford, ya yi shekara biyar ba albashi, ba ma'aikata. Sai a 1878 majalisa ta fara ware dala 10,000. Kafin nan mafarauta sun kashe dubban manyan barewa don fatunsu, baƙi kuma suna farfasa duwatsun bakin maɓuɓɓugai su tafi da su tsaraba. Dokar ba ta ce uffan ba game da 'yan asalin ƙasar da suka daɗe suna farauta a nan, irin su Shoshone. Cikin 'yan shekaru aka fitar da su zuwa yankunan da aka killace musu, aka riƙa bayyana wurin kamar dajin da ɗan'adam bai taɓa zama ba.

A 1886 majalisa ta ƙi ba da kuɗin gudanarwa, sai aka tura sojan doki ƙarƙashin Kyaftin Moses Harris. Sojan sun yi sintiri, sun kashe gobarar daji, amma iyakar abin da za su yi wa mai laifi shi ne su ƙwace kayansa su raka shi bakin iyaka, gobe ya dawo ta wata hanya.

Abin da ya sauya wannan ya faru a Maris 1894. Wani ɗan sintiri, Felix Burgess, ya bi sawu cikin dusar ƙanƙara a kwarin Pelican ya tarar da mafarauci Edgar Howell yana feɗe ɓaunar Amurka da ya harbe. Ya zo daidai da ɗan jarida Emerson Hough yana cikin gandun, ya aika labarin ga mujallar Forest and Stream, wadda editanta George Bird Grinnell ya daɗe yana neman a gyara dokar. Jin cewa babu kotun da za ta ɗaure Howell ya harzuƙa jama'a. A watan Mayu, ƙudirin ɗan majalisa John Lacey ya zama doka: an haramta farauta a gandun, an tanadi tarar da ta kai dala 1,000 ko ɗaurin shekara biyu, an kuma naɗa alƙali a wurin. Duk da haka gyaran ya zo a makare, don a 1902 ɓaunar daji da ta rage a Yellowstone ba ta fi ashirin da 'yan kai ba.

A 1916 Shugaba Woodrow Wilson ya sa hannu a dokar da ta kafa hukumar kula da gandayen daji na ƙasa, aka ɗora mata aiki biyu masu wuyar haɗawa: buɗe wa jama'a wuraren, da barinsu ba lahani ga 'yan baya. Sojan sun janye a 1918, ma'aikatan hukumar suka karɓi tsaron gandun.