Ka Haɗa Littafinka da Hannunka



Ka koyi baƙaƙe, ka iya rubuta sunanka. Madalla. Amma wanda ya koyi karatu, bai samu abin karantawa ba, sannu sannu zai manta. Littattafan Hausa kuwa ba su wadata a ƙauyukanmu ba. Don haka yau za mu koyi yadda kowane ɗalibi zai haɗa ɗan littafi mai zane, ya kawo aji.

Wannan aiki ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun da daɗewa malamai suke fiƙe alƙalamin kara, su dama tawada da gawayi da ƙaro, su yi zayyana, dukawa kuma su ɗinka musu gafaka.

To, me za ka sa a ciki? Abin da ka sani. In kai mutumin Madarunfa ne, ga tafki a gabanka. Zana masunci da jirginsa, da tarwaɗa, da itacen gawo. Tambayi tsofaffi labarin kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da tafkin. A shekarar 2006 ƙasar Nijar ta sa wurin cikin waɗanda take son duniya ta san darajarsu. Amma labarin da ke bakin kakanka, in ba ka rubuta ba, da shi zai tafi.

Ga kayan aiki: farar takarda guda 4, kwali, basilla, zare mai ƙarfi, da ƙaro.

Na ɗaya, ɗora takardun bisa juna, ka ninka su biyu. Ka samu shafi 16 ke nan.

Na biyu, sa wa kowane shafi lamba, daga 1 zuwa 16, tun ba ka fara zane ba. Nan ne mutane suke kuskure. In ka ware takardun, za ka ga shafi na 1 da na 16 suna zaune kan takarda ɗaya. Wanda bai sa lamba ba, labarinsa zai rikice.

Na uku, yi zane ɗaya a shafi ɗaya. Ƙarƙashinsa rubuta layi ɗaya ko biyu da manyan baƙaƙe. Misali: "Wannan gawo ne. Yana zubar da ganye da damina." Launi ba sai ka saya ba. Jan ƙasa yana ba da ja, shuni yana ba da shuɗi, gangamau yana ba da rawaya. Dama kowane da ruwan ƙaro, don ya kama takarda. Bari shafi ya bushe kafin ka juya.

Na huɗu, ninka kwali ya zama bango. Huda wuri 3 a kan ninkin: sama, tsakiya, ƙasa. Daga ciki, fitar da basilla ta tsakiya. Shigo ta sama. Fita ta ƙasa. Sake shigowa ta tsakiya, ka ɗaure bakin zaren biyu.

Na biyar, rubuta sunan littafin, da sunanka, da garinku, da shekara a bango.

Ka tsare shi daga laima da gara. Kada ka ajiye shi a ƙasa.

In ajinku mutum 20 ne, kun samu littafi 20. Ku riƙa musanya. Ku karanta wa yara da dare.

Sai mako mai zuwa. Ku huta lafiya.