Abin da mai da danshi ke yi wa ƙaramin harsashi a daminar Zariya

A Zariya damina takan kankama daga watan Mayu zuwa Oktoba, kuma ruwan da ke sauka a shekara yakan kai kimanin milimita 1,000, Agusta ne watan da ya fi kowane ruwa. A wannan lokaci ne 'yan kasuwar Sabon Gari ke fama da sukarin da ya dunƙule da ashanar da ta ƙi kamawa, ma'aikatan Samaru kuma su tarar takardunsu sun yi fumfuna a cikin akwati. Akwai wani kayan da danshin ke ɓatawa ba tare da alama ta fito fili ba, wato ƙaramin harsashin nan mai lamba .22, wanda masu lasisin bindigar farauta ke amfani da shi.

Faɗin wannan harsashi milimita 5.6 ne. Asalinsa daga Faransa ne, inda Louis-Nicolas Flobert ya ƙera irinsa na farko a 1845. Kamfanin Smith & Wesson na Amurka ya fito da gajerensa a 1857, sannan dogon da ya fi yaɗuwa a yau ya bayyana a 1887. Bambancinsa da harsashin soja yana gindinsa. Na soja yana da ɗan maɓalli a tsakiyar gindi, wanda galibi ake shafe kewayensa da wani fenti mai hana ruwa shiga. Shi kuwa ƙaramin, sinadarin da ke tayar da wutarsa an zuba shi ne a cikin leɓen kwanson, zagaye da gindi. Idan aka ja kunama, ƙarfen bindiga ya daki leɓen ya matse shi, sai sinadarin ya kama, ya kunna albarushi.

Rauninsa yana wurin da dalma ta haɗu da kwanso. Matsin da ke wurin ba mai ƙarfi ba ne, har mutum kan iya juya dalmar da yatsa a wasu lokuta. Kakin da aka shafa wa dalmar don ta zame a cikin bututu yana ɗan tare danshi, amma mai marar kauri yakan narkar da shi. Man keken ɗinki, kananzir, da man feshi mai kwance tsatsa duk suna iya silalewa ta wannan kafa. Da zarar mai ya jiƙa albarushi ko ya isa leɓen, ƙonewar ba za ta tafi daidai ba. Shi ya sa mai bindigar da ya cika ta da mai don tsoron tsatsar damina, ya kuma bar harsashi a ciki, yakan ɓata harsashin da hannunsa.

Illar tana fitowa ta hanya uku. Ta farko, harsashin ya ƙi tashi sam. Ta biyu, ya yi jinkiri, a ja kunama a ji shiru, sai bayan ɗan lokaci ya tashi. Ta uku, ya tashi da rauni, dalmar ta maƙale a cikin bututu, idan aka sake harbawa a bayanta bututun ya kumbura ko ya tsage. Ta biyun ce ta fi haɗari, domin mutum yakan juyo da bakin bindiga ya leƙa, ko ya juya ta wajen abokin tafiyarsa. Ƙa'idar masu koyar da harbi ita ce a ci gaba da fuskantar da bakin bindiga inda babu kowa, a jira aƙalla daƙiƙa 30 kafin a buɗe ta. Idan kuma ƙarar harbi ta fito a raunane, a dakata, a zare harsashi, a tabbatar bututun ba a toshe yake ba. Kada a raina shi don ƙanƙantarsa, dalmarsa tana iya tafiya fiye da kilomita 1.5.

Adana shi ba ya bukatar kuɗi mai yawa. A bar shi a kwalinsa na asali, a sa a akwatin ƙarfe mai rufuwa sosai da makulli, a ɗaga shi daga daɓe, nesa da mai, da wuta, da yara. Ƙananan ƙunshin tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi suna taimakawa. Wanda ya riga ya jiƙe, ko kwansonsa ya yi kore, shanya shi a rana ko jiran iskar hunturu ba za su mayar da shi abin dogaro ba.

Akwai kuma batun doka. Dokar Bindigogi ta 1959 ta haramta mallakar bindiga ko harsashi ba tare da lasisi ba, kuma lasisin irin wannan bindigar farauta yana hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Lasisi na mai shi ne kaɗai, ba a gadonsa. Saboda haka magadan da suka tsinci tsohon kwalin harsashi a kayan mamaci kada su ɗauka shekaru sun kashe shi. Kada su jefa shi a bola, domin ana cinna mata wuta, kada kuma su sayar wa 'yan gwangwan. Abin da ya dace shi ne su sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa, su miƙa shi, su nemi shaidar miƙawa a rubuce.