Dashen Ƙwayar Gado a Tsirrai Domin Kariya Daga Cuta: Mahangar Fiƙihu

Allah Maɗaukakin Sarki ya hore wa wasu tsirrai makamin kare kansu. Kurangar inabi, alal misali, tana samar da sinadarin resberatrol idan fumfuna ta kama ta. A shekarar 1993, masana a Jamus suka bayyana cewa sun dasa ƙwayar gadon da ke samar da wannan sinadari a tsiron taba, sai ya ƙara juriya ga fumfunar da ke ruɓar da ganye.

Shin wannan yana cikin canza halittar Allah da Suratun Nisa'i ta zarga? Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami, a zamanta na Makka a 1419 Hijiriyya (1998), ta halatta wannan ilimi a harkar noma, bisa sharaɗin kada ya cutar da mutum ko dabba ko muhalli, ko da bayan lokaci mai tsawo, kuma a bayyana wa mai saye abin da kayan ya ƙunsa.

Ke nan hukuncin ya rataya ne ga tabbatar cutarwa ko rashinta. Don haka wajibi ne mufti ya saurari amintattun masana kimiyya kafin ya yanke fatawa kan wani iri. Allah ne Mafi sani.