Hayar Mota a Ƙasar Waje

Mazaunin Tarauni ko Gyadi-Gyadi da ya je hutu Dubai ko Ingila zai iya ɗaukar hayar mota ya tuƙa da kansa. Kamfanonin haya sukan nemi fasfo, lasisin tuƙi na Najeriya, lasisin ƙasa da ƙasa, da katin banki na kuɗin ajiya. Kafin a karɓi makulli, ana duba jikin motar, a ɗauki hoton duk wata lotsawa, a karanta sharuɗɗan inshora da kyau.

Tun 1972 Najeriya ke bin hannun dama, kamar Dubai da Saudiyya, amma a Ingila hagu ake bi. Kyamarorin titi na kama masu gudun wuce kima, kuma a Dubai kamfanin haya kan cire tarar daga katin bankin direban.