Lambar da ke da ƙofa biyu

Lokacin da nake SIWES a wani gini da ke GRA, wata rana mai sa tayil ya ƙirga ragowar kayansa, guda 65 cif. Ya dube ni ya ce, "Ɗan boko, in na jera takwas-takwas layi takwas, ɗaya zai rage. In na yi bakwai-bakwai layi bakwai, ragowar ta ba ni huɗu-huɗu layi huɗu, ba saura." Na ciro waya na buga. 8×8 da 1×1, 65. 7×7 da 4×4, 65 ɗin dai. Wallahi sai kunya ta kama ni, ni da ke neman difloma.

Ba dace ba ne. 65 ita ce 5×13. Ita 5 ai 1×1 da 2×2 ce, 13 kuma 2×2 da 3×3. Akwai dangin irin waɗannan lambobi: 5, 13, 17, 29. Ka ɗauki biyu mabambanta ka ninka su, abin da ya fito zai tsagu ta hanya biyu.

In aka koma ninka lamba sau uku, wato kamar 9×9×9, sai a yi tafiya mai nisa kafin a samu mai hanya biyu. Ta farko ita ce 1729. G. H. Hardy, masanin lissafi a Ingila, ya je duba Srinivasa Ramanujan, ɗan Indiya, yana kwance ba lafiya a Landan. Ya ce masa lambar tasin da ya hau, 1729, ba ta da wani armashi. Nan take Ramanujan ya ce ai ita ce mafi ƙanƙanta mai wannan hali: 12×12×12 da 1×1×1, ko kuma 10×10×10 da 9×9×9. Mai bi mata sai 4104. Mafi ƙanƙanta mai hanya uku kuwa, 87,539,319, sai a 1957 John Leech ya gano ta da kwamfuta.

Kada wani ya ce wasan Turawa ne. Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kishnawi, malami ɗan Katsinan nan, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 kan yadda ake tsara hatimi, ya rasu a Alƙahira a 1741. Hatimi mai gida tara, daga 1 zuwa 9, ko ta ina ka haɗa layinsa 15 za ka samu, har hanya takwas. Tambayar dai ɗaya ce: jimla guda, hanyoyi nawa?

'Yan ND I da ke gudun lissafi tun kafin jarrabawa, ga abin gwaji: 85 ita ce 5×17. Ku nemo hanyoyinta biyu. Mai sa tayil bai taɓa kalkuleta ba, da idonsa ya gani.